Biskit ɗin Kaka da Mazarƙwaila



Mu biyu ne mata a ɗakin Innarmu a Ikara, kuma dukanmu muna taɓa rubutu da girki. A kakar bana muka ci karo da wani biskit a intanet, wanda mutanen Kanada da Amurka ke gasawa idan ganye ya fara zuba. Abin da ke ba shi ɗanɗano shi ne ruwan zaƙin bishiyar mapul, wadda ganyenta ke jikin tutar Kanada tun 1965. Huda bishiyar ake yi a ƙarshen sanyi, a tari ruwan da ke ɗiga, a yi ta dafawa. Sai an dafa kusan lita 40 kafin a samu lita 1.

Muka nemi ruwan nan a shaguna har Zariya, ba mu dace ba. Muna cikin ƙorafi a tsakar gida, Inna ta ce mu sake faɗa mata yadda ake yin sa. Da muka gama sai ta yi dariya. "To ai labarin mazarƙwaila kuke ba ni. Su bishiya suke tatsa, mu rake."

Maganar ta taɓa mana wani tsohon miki. Baba manomin rake ne, kuma da kuɗin mazarƙwaila ya biya mana makaranta. Amma a makarantar kwana can ƙasan akwati muke ɓoye wadda Inna ta ƙulla mana, kada a ce mana 'yan ƙauye. Da muka fara rubuta labarai ma haka muka ci gaba. Taurarinmu kek suke ci a manyan gidaje, ba mu taɓa bari ko ɗaya ta gutsuri mazarƙwaila ba.

Ranar kasuwar Makarfi yayanmu ya sayo mana dunƙule 3. Tun muna yara mun san yadda ake yin ta a Makarfi da ƙauyukan Kudan: inji ya matse rake, a zuba ruwan a babban kasko, a yi ta hura wuta da busasshen ɓawon raken, ana kwashe kumfa har ya yi kauri, sannan a juye a ƙananan kwanoni ya daskare. Ba mu dai taɓa ɗaukar aikin da daraja ba sai da muka ji Turawa na yin irinsa.

Gashin farko ya ƙone ƙurmus. Mun ba shi wuta irin ta farin sukari, alhali mazarƙwaila ta fi saurin kamawa. Wanda ya tsira kuma yana ƙaras-ƙaras a haƙori, don ba mu tace ba.

A karo na biyu muka bi shawarar Inna. Muka narka dunƙule 1 a ɗan ruwa kaɗan, muka tace da rariya, muka bari ya huce. Muka murza bota a fulawa gwangwani 3, muka sa ƙwai 1, garin citta, ɗan ruwan kanwa da dakakkiyar sabuwar gyaɗa. Ba mu da abin gashi na lantarki, sai muka shimfiɗa yashi a gindin tukunya, muka ɗora faranti, garwashi kaɗan a ƙasa, kaɗan a kan murfi. Kafin ya gasu ƙamshi ya kai zaure.

Bayan la'asar muka kai wa Baba da shayi, ba mu faɗa masa abin da ke ciki ba. Ya gutsura, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Mazarƙwaila ce. Mai dafa ta ya bari ta ɗan wuce wuta, amma rakensa ya nuna." Ya shiga ba mu labarin lokacin da doki ke zagaya injin matsa tun asuba, da yadda ake gane dahuwa ta kai idan an ɗiga ta a ruwan sanyi. Shekaru muna neman abin rubutawa a waya, ba mu taɓa tambayarsa ba.

Daren nan muka ɗauko labarin da muke kai, muka goge kek ɗin da tauraruwar ke yankawa. Yanzu 'yar mai dafa rake ce daga Hunkuyi, kuma gobe za mu koma wurin Baba da biro da takarda.