Kafin ka kama hanyar Kumasi

Ɗana, na ji kana shirin barin fadamar Kura da zarar an gama yankan shinkafa, za ka Kumasi wurin 'yan'uwanmu na Zango. Ban hana ka ba. Kakanninmu fatake sun bi hanyar Gwanja da jakuna neman goro tun ba a san fasfo ba. Amma zauna ka ji.

Samari na cewa ai yanzu zamanin ECOWAS ne, ko'ina gida ne. Ba haka take ba. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ka damar shiga ba biza, ka yi kwana 90. Daga nan sai da izinin zama, kuma ba a kawo wa mutum shi shago, da ƙafarka za ka je ofishin shige da fice. Ko Turawan da ake ganin sun fi kowa sakewa haka suke: in Bajamushe ya koma Sifen ya wuce wata uku, dole ya yi rajista, ya nuna aikinsa ko abin da zai ci da kansa, kuma sai ya shekara 5 yake samun zaman dindindin.

Abin da ya sa nake matsa maka, na ga 1969 da idona. Gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana. Mutane suka sauka Kano da tabarma da ƙunshin tufafi, wasu a can aka haife su, ba su san ko unguwar kakanninsu ba. Sun yi gidaje, sun yi rumfuna, takarda ce kawai ba su yi ba, don shekara da shekaru ba wanda ya tambaye su. A 1983, zamanin Shagari, mu ma muka yi wa mutanen Ghana irin haka, kuma har yau abin yana sosa mini rai.

Dubi kuma 'yan ci-rani na Maraɗi da Damagaram da ke tsinkar tumatir a Kadawa. A Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso. An ce mutanensu su ci gaba da shige da fice har sai an sake sanarwa. Ka ga zaman bawan Allah ya rataya kan sanarwar da ba shi zai rubuta ba. Kada ka yarda a wulaƙanta su a gabanka.

Saboda haka yi fasfonka, ka karɓi katin rigakafin shawara. A iyakokin Seme da Aflao ka tsaya a buga maka hatimi, kada ɗan acaɓa ya zagaya da kai ta daji don gudun layi. Ka isa, ka sa maigidanka ya raka ka ofishin shige da fice tun kwana 90 ɗin ba su cika ba. Kwafin takardun kuma ka bar wa kawunka a nan Kumbotso.