Akwatin wutar radiyo: nauyi ya daina zama shaida

A da, wanda ya je sayen akwatin wuta na radiyon sadarwa da hannu yake fara gwada shi. Ya ɗaga, in ya ji nauyi sai ya ce kaya ne na ƙwarai, kuma yana da gaskiya a zamaninsa. Akwatin da yakan kusan kai kilo 10; na yau mai irin aikinsa sau da yawa bai wuce kilo 2 ba. Nauyi ya daina zama shaida, mai saye kuwa bai sami wata shaidar da ta maye gurbinsa ba. Ta wannan kafa asara take shigo wa ɗan kasuwa, da ma'aikacin da ke sa hannu a takardar sayen kayan ofis.

Kuran ɗin gari bolt 220 ne, yana kai da komo sau 50 cikin sakan guda. Radiyon BLU kuwa, irin wadda aka sani wurin jandarma, da gidajen likita na karkara, da motocin da ke ratsa hamada, bolt 13,8 take so, wuta mai bin hanya ɗaya kamar ta batirin mota. In mai wat 100 ce, lokacin magana takan ja amfer 20 ko fiye. Aikin akwatin shi ne ya mai da waccan wuta ta zama wannan.

Tsohon akwati da babban taransfo yake wannan aiki. Tun da kuran sau 50 kawai yake juyawa, dole ƙarfe da jan waya su yi yawa, kuma nan nauyin yake. Abin da ya yi rara sai akwatin ya ƙone shi ya zama zafi, har kusan rabin wutar da aka biya takan tafi a banza.

Sabon akwati, wanda masu gyara ke kira da Faransanci alimentation à découpage, wato mai yayyanka wuta, wata hanya ya bi. Da farko diyod huɗu suna miƙe kuran ɗin, ya taru cikin kondansater ya kai wajen bolt 310. Sannan taranzisto ya riƙa buɗe wa wutar hanya yana rufewa, sau dubu hamsin, ko dubu ɗari, ko fiye, cikin sakan guda. Waɗannan gutsattsarin ne suke ratsa ɗan taransfo na ferit wanda bai cika tafin hannu ba. A ɗaya gefen a sake miƙe su, a tace, su fito bolt 13,8.

Misalin abin kamar masu jan ruwa biyu ne a bakin rijiya. Ɗaya yana da ƙaton guga, yana ja a hankali. Ɗaya moɗa ce a hannunsa, amma saurinsa ya wuce ganin ido. Dukansu za su cika randa, sai dai na biyu ba ya bukatar igiya mai kauri ko ƙarfin sa. Kuma tun da taranzisto ko dai a buɗe yake sarai ko a rufe ruf, kaɗan yake ɓatarwa: cikin kashi 100, kashi 80 zuwa 90 suna isa ga radiyo.

Akwai kuma ɗan mai gadi a ciki, wanda ke auna wutar da ke fita ba hutawa. In mai magana ya ɗaga murya radiyo ta ƙara ja, sai ya tsawaita lokacin buɗewa. In aka yi shiru ya gajarta shi. Shi ya sa da yawa daga cikinsu aka rubuta musu bolt 100 zuwa 240, kuma suna jure raunin kuran na maraice wanda yakan durƙusar da tsohon taransfo. Dabarar ta bunƙasa a shekarun 1960 wajen kayan sararin samaniya da manyan kwamfutoci, a 1977 ta shiga kwamfutar Apple II, yau kuwa tana cikin kowane sharjer na salula.

Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma sauƙin nan da kuɗinsa. Wutar da aka yanke farat ɗaya ba ta tafiya shiru. Akwatin da ke yanka sau dubu ɗari yana watsa ƙara a kan dubu ɗari biyu, dubu ɗari uku, haka har cikin matsakaicin zango da gajeren zango, inda BLU take sauraro. Wato akwatin kansa ya zama ƙaramin gidan radiyo da ba ya watsa komi sai shuuu, ga shi kuma zaune dab da kunnen da ke neman muryar da ta taso daga Bilma ko N'Guigmi, ta iso a gajiye.

Maƙera na ƙwarai sun san maganin: matata ta naɗin waya da ƙananan kondansater a mashiga da mafita, da jikin ƙarfe, da wayar da ke sauka ƙasa. Masu neman araha kuwa nan suke fara ragi, domin in an cire matata akwatin ba ya mutuwa. Fitilarsa tana kamawa, ma'auni yana nuna 13,8, mai karɓar kaya ya sa hannu. Mai gyara kaɗai, in ya buɗe, yake ganin gurbin matatar fayau, an haɗe shi da guntun waya. Sai ranar da malamin likita na ƙauye yake kiran motar ɗaukar mai naƙuda, can kuma ba a jin komi sai ƙara, sannan a san abin da aka saya.

Ba akwatin radiyo kaɗai ke da wannan hali ba. Sharjer mai araha, da ƙwan fitila na LED, da na'urar da ke juya wutar pano ta zama kuran, duk dangi ɗaya ne. Dattijon da ya saba da gajeren zango tun sashen Hausa na BBC yana sabo, bayan buɗe shi a 1957, yakan ɗora laifin ƙarar a kan tsufan radiyonsa, alhali mai laifin yana maƙale a bango, jikansa ne ya sa salula. FM ba ta cika jin wannan ciwo ba, shi ya sa mutanen birni ba su lura.

Gwajin ba ya bukatar injiniya. A ɗauki ƙaramar radiyo mai batir, a kai ta matsakaicin zango inda babu tasha, a ajiye ta taku biyu daga akwatin, a kunna shi a kashe. In ƙara tana zuwa tana tafiya tare da shi, an kama ɓarawo. A kuma duba fanka da kafofin iska, domin ƙurar hunturu tana toshe su, zafin Afrilu kuma yana busar da kondansater: masu sana'ar sun ce duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansa biyu.

Ɗan kasuwar da ya yi wannan gwaji kafin ya ɗauko katan ɗari ya tsare sunansa a kasuwa. Ma'aikacin da ke rubuta sharuɗɗan saye kuma, bai kamata ya tsaya ga bolt da amfer ba: ya ƙara layi ɗaya, cewa ba za a karɓi akwati ba sai an haɗa shi da radiyon, an saurari tasha mai nisa yana kunne. Araha ba ta ado, balle a wurin da ake kiran agaji.