Kano Ina? Neman Asalin Kakanninmu a Bakin Tsofaffi da Cikin Takardun Turawa



Duk shekara idan lokacin neman makaranta ko ɗaukar aikin ɗamara ya zo, magana ɗaya ce ke dawowa zaurukanmu, wato takardar shaidar asali. Yaro an haife shi a nan Dagona, ubansa nan aka binne cibiyarsa, kakansa yana kwance a maƙabartar gari, amma ya je wani ofis a ce masa, "Kai ai Bahaushe ne, tafi garinku." Ya dawo ya tambayi uban, ina ne garinmu? Uban ya ce Kano. To, Kano ina? Jihar Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, kuma abin da kakanninmu ke kira ƙasar Kano ya haɗa da Ringim da Dutse da Birnin Kudu, waɗanda tun 1991 suka koma Jigawa, a shekarar da mu ma aka yanke mana Yobe daga Borno. Wanda bai san sunan ƙauye da sunan gida ba, can ma ba mai sa masa hannu. Ya zama baƙo a nan, baƙo a can.

Wannan ne ya sa mu 'yan kwamitin masallaci muka fara bin diddigin gidajen unguwar nan, muka fara da namu gidan. Abin da muka gano a hanya shi muke so mu shimfiɗa muku.

Da farko yaranmu 'yan boko sun ɗauka komai yana cikin littattafan Turawa. Gaskiya ne Turawan mulki sun rubuta wa kowane lardi littafin bayani, wanda suke kira gazetiya. Na Lardin Kano, Gowers ya fitar da shi a 1921. Na Lardin Borno, Palmer ya fitar a 1929. An sake buga su a 1972, kuma ana samun irinsu a Gidan Arewa da ke Kaduna da ɗakunan karatu na jami'o'i. Muka sa aka kawo mana hoton shafuffukan da suka shafe mu, wani ɗalibi yana karantawa yana fassara mana. A ciki za ka ji jerin sarakuna, da yaƙe-yaƙe, da gundumomi, da kuɗin haraji, da sunan Razdan wane ya zo wane ya tafi. Sunan kakanmu mai jakuna bakwai da ke ɗauko kanwa da mangul daga ƙasar Manga kuwa, babu shi, kuma ba za a same shi ba. Bature bai rubuta littafin don mu ba, ya rubuta ne don Di'on da zai gaje shi ya san wa ke da wace ƙasa, kuma nawa za ta biya.

Amma kada a ce littafin ba shi da amfani. Amfaninsa shi ne ya nuna maka ƙofar da za ka buga. Misali, mu nan Dagona ƙasar Mai Bade ce, kuma Turawa suna rubuta Bade da "Bedde", tsohuwar fadar kuwa Gogaram ce, wadda suke rubutawa "Gorgoram", kafin a dawo da ita Gashuwa. Nguru kuwa, duk da kusancinmu, a zamanin Turawa gunduma ce ƙarƙashin Shehun Borno, kuma tun zamanin da can mazaunin Galadiman Borno ce. Saboda haka wanda kakansa ya fara sauka Nguru sannan ya gangaro nan, labarinsa ya rabu gida biyu. Wanda mutanensa suka fito daga Katagum ko Azare, ya sani kafin 1926 suna ƙarƙashin Lardin Kano, daga baya aka mai da su Bauchi. A Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, fayilolin an jera su ne bisa lardi, na Borno daban, na Kano daban. In ka nemi Azare ta 1920 a cikin na Bauchi, sai ka ƙare kuɗin motarka a banza.

Rubutun sunaye ma wani tarko ne. Bature yana rubuta abin da kunnensa ya ji daga bakin tafinta, ƙauye ɗaya sai ka same shi da rubutu iri uku. Masu asali daga arewa abin ya fi yi musu tsanani, domin Damagaram ɗin da kaka ke faɗa, a takardar Faransa Zinder ce, Gure kuma an rubuta ta da salon Faransanci, takardun kuma suna Nijar. Ɗalibin nan ya ce mana ko jikokin mutanen Belarus da ke Amurka haka suke fama, ƙauyen kakansu yana da suna da harshen Rasha, yana da wani da na Polan, sai da tsofaffin gazetiya suke gane wuri ɗaya ne.

Inda takarda ta fi yi mana rana shi ne wajen shekara. Tsofaffinmu ba sa cewa alif ɗari tara da kaza, da abin da ya faru suke lissafi. Gwaggonmu, Allah ya ƙara mata lafiya, ta ce ubanta ya bar ƙasar Ringim yana yaro "shekarar Kakalaba", ya yi zaman almajirci a Hadeja, ya iso Nguru "jirgi bai daɗe da zuwa ba". Kakalaba ita ce yunwar 1913 zuwa 1914. Layin dogo daga Kano ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya iso Nguru a 1930. Ka ga daga magana biyu ta tsohuwa mun sami shekarar fita da shekarar sauka, kuma lissafin shekarunsa ya yi daidai. Da yawan gidajen unguwar nan jirgin nan ne ya jawo su, saboda cinikin gyaɗa da ƙaro da fatu da busasshen kifi. Wasu kuma sun riga jirgi, fatake ne na ƙasa. Wasu sai farin 1973 ya koro su zuwa bakin fadama. Ba zuwa ɗaya muka yi ba, kuma wanda ya haɗa mu duka ya ce 'yan zuwan jiya ne, bai san tarihin wurin ba.

To ina ake samun sunan talaka? Wuri uku muka gani. Na farko rajistar kotun alƙali, musamman shari'ar rabon gado, domin dole alƙali ya rubuta mamaci da magadansa ɗaya bayan ɗaya, mata da maza, galibi da Larabci. Na biyu tsofaffin rasit na haraji da jangali da takardun sayen gona masu hatimin bulama ko lawan, waɗanda ke kwance a ƙasan adaka gara na ci. Na uku, kuma shi ya fi faranta mana rai, gefen Alƙur'anai da littattafan rubutun hannu. Malaman da suna rubuta haihuwa da rasuwa a bangon gafaka ko a warƙar ƙarshe: an haifi wane ranar kaza ga watan kaza. A wani gida a nan unguwar mun sami haihuwa goma sha ɗaya a warƙa guda, da shekarun Hijira, har da sunan ƙauyen da aka yi ta fari. Masu gidan shekara da shekaru suna ajiye da shi don albarka, ba wanda ya taɓa buɗe ƙarshensa. Wallahi da gobara ta ci gidan, shi ke nan.

Amma fa duk wannan bayan tsofaffin mata yake zuwa. Namiji ka tambaye shi, zai ba ka uba da kaka ya tsaya, wani lokaci ya ƙara maka da sarautar da ba a yi ba. Tsohuwa ita ta san wa ya auri wa, wa aka yi wa kishiya da wa, wane ɗan riƙo ne ba ɗan ciki ba, wace ce ta tafi Hajji a ƙasa ta hanyar Yarwa da Fallomi ba ta dawo ba, ana jin zuriyarta na Sudan wajen Mai Wurno. Ita ta san ma'anar tsagen da ke fuskar kakanmu, wanda mu ba a yi mana ba. Kirarin da take yi wa jika in ya yi atishawa ko ya faɗi, sau da yawa sunan asalin gidan ne a ciki. A bara kaɗai mun yi jana'izar irin waɗannan iyaye huɗu a unguwar nan.

Akwai abin da ya wajaba mu faɗa a matsayinmu na masu jan salla. Mai tona asali zai iya tono abin da bai zata ba. Turawa sun yi doka a 1901 cewa duk wanda aka haifa daga lokacin ɗa ne, amma bautar ba ta ƙare a doka gaba ɗaya ba sai 1936. A tsakanin nan mutane da yawa sun fanshi kansu, wasu sun gudu, suka nufi sababbin garuruwan bakin dogo inda ba wanda ya san su, suka sake suna, suka yi arziki da guminsu. In salsalar gida ta tsaya cik a kan mutum ɗaya, tsohuwa ta ce "bar wannan maganar", mu barinta muke yi. Shari'a ta kwaɗaitar da sanin nasaba don a sada zumunci, a san muharrami, a raba gado daidai, kuma ta hana gori da asali hani mai tsanani. Duk wanda ya zo wurinmu don ya binciki gidan da ɗansa ke neman aure, ya sami abin fasa shi, ya san ba za mu buɗe masa littafi ba. Haka wanda ke so a ƙago masa kaka basarake, ko a rubuta masa ƙauyen da ba nasa ba don takarda ta fito. Shaidar zur ce ko da an buga mata hatimi.

Wani abin dariya, tsuntsayen da ke sauka a tafkin Dagona da hunturu, waɗanda Yarima Philip mijin Sarauniyar Ingila ya zo kallo a 1989, wasunsu da zobe a ƙafa mai lamba, ana iya sanin ƙasar Turai da aka ɗaura musu shi. Tsuntsu na da takardar asali, jikan mai unguwa ba shi da ita.

Gidanmu dai mun kai ga ƙauyen. Mun je da sunaye uku da gwaggo ta ba mu, dagacin ya tara dattawa, wani tsoho ya gane na biyun, ya ce ƙanin kakansa ne da aka ce yunwa ta tafi da shi gabas. Ya nuna mana kangon gidan da wata tsamiya. Yanzu in suna da biki suna aiko mana da goro. Batun takardar yara kuwa, muna nan a kan ra'ayinmu cewa wanda kakansa ya biya haraji a ƙasar Bade shekara tamanin ya cancanci a rubuta shi ɗan nan, kuma za mu ci gaba da faɗar haka ga shugabanni cikin ladabi. Hujjar wannan ma tana cikin rasit ɗin da ke adakarku.

Mun sayi babban littafi mai bango, yana wurin ladan. Kowace Juma'a bayan La'asar muna zama a zauren masallaci, gida ɗaya a mako. A zo da duk wata tsohuwar takarda ko da ta yage, za a ɗauki hotonta da waya a mayar wa mai ita nan take. Iyaye mata da ba sa fita, malamai biyu na Islamiyyar matan aure za su same su a ɗaki. Mako mai zuwa layin 'yan kifi ne, daga gidan farko na bakin rijiya.