Gado da Riƙo: Daga Ina Rashin Jin Yaro Yake Fitowa?

Idan yaro ya fitini unguwa da faɗa da ɗauke-ɗauke, hukunci biyu ake yankewa. Tsofaffi su ce jini ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Malaman lakwal kuwa su ce laifin gida ne. Uban da darakta ya kira sau uku cikin wata guda yakan zaɓi maganar tsofaffi, musamman in zai iya jingina jinin ga dangin uwa.

A garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan, masana sun bi rayuwar yara 1037 da aka haifa tsakanin 1972 da 1973. A shekarar 2002 Avshalom Caspi da Terrie Moffitt suka bayyana abin da suka gano game da maza 442 daga cikinsu. Sun duba wata ƙwayar gado mai suna MAOA, wadda aikinta ya shafi share wasu sinadarai masu kai saƙo cikin ƙwaƙwalwa. Ga wasu mutane tana aiki da ƙarfi, ga wasu da rauni. Masu raunin nan da suka tashi cikin kulawa ba su fi kowa rigima ba. Waɗanda suka haɗa raunin da azaba tun suna ƙanana kuwa, kashi 12 cikin 100 ne kawai na mazan, amma su ke ɗauke da kashi 44 na hukuncin da kotu ta yanke kan laifin duka da rauni.

Sai dai a yi hattara. Binciken da ya biyo baya wani ya tabbatar, wani bai tabbatar ba, kuma yau masana sun yarda cewa ƙwayoyin gado dubbai ne ke taɓa hali, kowace da ɗan rabonta. Ba wani gwajin jini da zai nuna ɓarawon gobe.

Shaidar da ta fi kusa da al'adar Bahaushe ta fito ne daga yaran riƙo. A jihar Ayowa ta Amurka, likita Remi Cadoret ya bincika waɗanda aka raba da mahaifansu tun suna jarirai. A 1995 ya nuna cewa ɗan da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da mugun hali ya fi zama mafaɗaci idan gidan riƙon ma na rikici ne. A gida mai kwanciyar hankali gadon bai cika yin tasiri ba. A 1996 wani bincike a jihar ya ƙara abin da ya fi tayar da hankali: yaron da ya zo da zafin rai yakan jawo wa kansa tsawa da tsanani daga masu riƙonsa, tsananin kuma ya ƙara masa zafi. Ke nan wanda bulala ta fi yi wa illa shi ne ya fi shan ta.

Wannan ya kamata ya tsayar da duk ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke shirin tura ɗansa riƙo wurin kawu a Damagaram ko Tawa don a gyara shi. Canjin gida yana iya taimakawa ƙwarai. Amma sau da yawa labari kan riga yaron isa, cewa ba ya jin magana, sai ya sauko daga mota ya tarar an riga an rataye masa dorina a zaure.