Hasumiya da Bakin Ƙofa

A birnin Tamfa, cikin Jihar Filorida ta Amurka, akwai wani dattijo da ya ƙare ƙuruciyarsa yana walda a kan dogayen gine-gine, har ciwon zuciya ya sauko da shi ƙasa. Gidansa ba shi da nisa da Busch Gardens, wato wani makeken filin wasanni da aka tsara unguwanninsa da sunayen wuraren Afirka. A shekarar 2013 aka ba da sanarwar za a kafa hasumiyar ƙarfe mai tsawon ƙafa 335 a unguwar da a wancan lokaci ake kira Timbuktu. Sunanta Falcon's Fury, domin an kwaikwayi yadda shaho yake faɗowa kan abin farautarsa.

Tun daga ranar nan aikin ya zame wa dattijon abin hira, shi da jikansa ɗan shekara tara. Suka ga an kawo hasumiyar gunduwa tara, ana ɗora wannan bisa wancan da injin ɗaga kaya. Dattijon ya riƙa yi wa yaron bayani: za a ɗauki mutum 32 zuwa ƙololuwa, sa'an nan kujerun su kifa, fuskar kowa ta dubi ƙasa, a sake su su faɗo da gudun mil 60 a sa'a. Abin da zai tare su kuwa birkin maganaɗisu ne, wanda ba ya jiran wutar lantarki kafin ya kama.

To, amma akwai sharaɗi. Ba a hawa sai mai tsawon inci 54, yaron kuwa da saura. Saboda haka dattijon ya sa alama da fensir a bakin ƙofar ɗakin girki, kowane wata a tsai da yaro a gwada. Hasumiya ta kai ƙarshenta cikin makonni, shi ko ɗan Adam ba a ɗora masa tsawo da inji.

An sa ranar buɗewa 1 ga Mayu, 2014, sai aka ɗaga. Masu jira suka yi ta gunaguni, yaron ma ya ce, "Kaka, anya za a gama?" Dattijon ya ce, "Wanda ya taɓa riƙe ran mutane a bakin waldarsa ba ya zagin mai sake gwaji." Ai kuwa jinkirin ya zama alheri, domin kafin a buɗe ran 2 ga Satumba, kan yaron ya taɓa alamar fensir.

Da suka je, dattijon ya tsaya gaban allon gargaɗi, inda aka hana masu ciwon zuciya hawa. Ya daɗe da sanin haka, bai dai taɓa faɗa wa yaron ba. Yaron ya ce in ba tare ba shi ma ya fasa. Dattijon ya ce, "Hau ka gano mini gari, ni na ga nawa."

Mutumin da ya shekara talatin yana tafiya kan ƙarfe a sararin sama bai san tsoro ba sai a ranar, yana tsaye a ƙasa, kansa a ɗage, yana laluben ƙafafun jikansa cikin ƙafafu 64. Da birki ya kama, sai ya ga ashe hularsa ce ya murƙushe a hannu.