Wa Ya Raɗa Wa Jihadin Shehu Suna "Fulani War"?

Jama'a, kwanan nan ina ganin matasanmu a Facebook suna ɗora rubutun Turanci da ke kiran jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo "Fulani War", wai hujja ce cewa yaƙin ƙabila aka yi. Mu ɗan tsaya mu bi sunan tukuna.

Kalmar "Fulani" ma Bature a bakin Bahaushe ya tsince ta. Su masu abin Fulɓe suke kiran kansu, ɗaya kuma Pullo. Da Kilafatan ya ziyarci Sarkin Musulmi Bello a Sakkwato a 1824, "Fellata" yake rubutawa, don ta Barno ya biyo, haka Barebari ke faɗa. Faransawa suka ce "Peul", daga bakin Wolof na Senegal. Kowane baƙo, sunan da ya ji a wurin mai masaukinsa shi ya rubuta.

Su kuwa waɗanda suka yi hijira Gudu a 1804, suka gwabza a Tafkin Kwatto, suka ci Alƙalawa a 1808, jihadi suka kira abin, kansu kuma Jama'a. Gaskiya ne, yawancin masu tuta Fulani ne. Amma Yakubun Bauchi ba Bafulatani ba ne, haka Malam Abdussalami na Gimbana, wanda harin da Gobirawa suka kai wa mutanensa na cikin abin da ya hura wutar.

Mu nan Kazaure ma shaida ce. Bayan 1819 Ɗantunku ya ja daga da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, dukkansu Fulani, har Kazaure ta tsaya masarauta mai cin gashin kanta. Ina ƙabilanci a nan?

To wa sunan ya amfana? A 1903 Lugga ya tsaya a Sakkwato ya nuna cewa Fulani da takobi suka ci ƙasar, don haka yanzu ta koma hannun Ingila ta wannan hanyar. Ka ga dabarar ke nan.

Abin da ke damuna, a kasuwar Roni ko Gwiwa ko Baɓura, mai nono da mai hatsi kullum suna tare, ga auratayya ta kakanni. Ana fama da rashin tsaro, ga kuma masu neman a ɗora wa ƙabila guda laifin ɓarayin daji. Ka soki tarihi in kana da hujja, ba laifi. Amma kar ka ari sunan da baƙo ya raɗa ka sari maƙwabcinka da shi.

Allah Ya zaunar da mu lafiya.