Ɗakin wasa a garin da aka ƙwace wa dandali

Mu Hausawa ba mu gaji ɗakin wasan yara ba. Duk wanda ya tashi a Jibiya a shekarun 1980 irina ya san inda namu yake: ƙofar gida, gindin bedi, rairayin gulbi, sai kuma dandali idan farin wata ya fito. Maza na langa, mata na gaɗa da carafke, mu masu ƙaramin ƙarfi muna gefe muna haɗa motar kara. Babu wanda ya taɓa ware mana ɗaki, domin garin ne gaba ɗaya namu. Uwa ba ta neman ɗanta sai an yi sallar isha'i, shi ma don tuwo ya huce ne.

Shi ya sa ban ga laifin waɗanda suka ji an ce na sa an yi wa wani ɗaki fenti kala-kala saboda yara a gidan yayata suka ce ɗan boko ya fara kwaikwayon Turawa ba. Wani abokin aikina ma cewa ya yi, mutanen da ke neman na gero ina su ina ruwan ɗorawa da shuɗi a bango? Tambayar tana da nauyi, kuma ita ce ta sa na zauna rubuta wannan.

Ku ɗauki yaron da aka haifa a Jibiya a 2015, ku lissafa abin da idonsa ya gani. Yana shekara uku, ambaliyar watan Yulin 2018 ta ci gidaje da rayuka a garin. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ta biyo da hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A 2020 korona ta rufe makarantu. A 2021 aka rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka kuma katse layukan waya saboda matsalar ɓarayin daji. A watan Maris na 2022 mutanen Shimfiɗa suka baro garinsu a ƙafa, mata da yara suka cika makarantar sakandaren 'yan mata da ke cikin Jibiya. An buɗe iyakar Jibiya a watan Afrilun wannan shekarar, mutane suka fara numfashi, sai ga juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka sake garƙamewa har watan Maris na 2024. Wannan yaron bai san dandali ba. Abin da ya sani shi ne da la'asar sakaliya a ce kowa ya shigo, a sa sakata. Ko bayan sulhun da aka yi a farkon 2025, da harbe-harbe suka lafa, iyaye da yawa ba su saki jiki ba, kuma ni ban isa in ce su saki ba.

To yaron da aka hana waje, a ina zai yi wasa? A tsakar gida, tsakanin turmi da murhu da igiyar shanya, inda duk motsin da ya yi sai an daka masa tsawa.

Gidan yayata yana kan hanyar Magama, ba nisa da shingen iyaka. Mijinta ɗan kasuwa ne, shekara da shekaru yana saro kaya daga Maraɗi ta Ɗan Isa. Mu nan Maraɗi ba ƙasar waje ba ce a wurinmu. Sarkinta ma har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, kuma da wuya ka sami gida a Jibiya da ba shi da dangi a can. Yana da wani ɗaki a soro da yake tara kaya. Rufe iyaka na farko ya rage kayan, na biyu ya share ɗakin tas, ba abin da ya rage sai buhunan wofi da gizo-gizo. A daidai lokacin kuma gidan ya cika: 'ya'yanta biyar, ga na ƙanwar mijinta huɗu da suka taso daga ƙauye da uwarsu, mahaifinsu Allah ya yi masa rasuwa a gona. Yara tara a gida ɗaya, ba mai fita.

Da na kawo maganar a gyara ɗakin a bar musu, Yaya ta kalle ni ta ce, "Kai dai da ɗaukar wa kai. Mi za su yi da fenti, ci za su yi?" Na ce mata, "Yaya, ki ba ni ɗakin kawai, in bai yi amfani ba a mayar da buhuna." Mijinta ne ya goya mini baya, da sharaɗi ɗaya: kada a zana masa mutum ko dabba a bango. Na ce na ji, kuma ban ga abin ja a ciki ba.

A nan ne nake son masu cewa kwaikwayo ne su ɗan tsaya. Ɗakin wasa baƙo ne, na yarda. Amma launi a bango namu ne tun kaka da kakanni. Ku dubi zayyanar tsofaffin gidajen Zariya da Kano da unguwar Birni a Damagaram, ku dubi dagi a goshin zaure, ku tuna yadda iyayenmu mata ke shafe ɗaki da farar ƙasa idan salla ta matso, su yi wa gindin bango jar ƙasa, su jera kwanoni masu fure har rufi. Bahaushe bai taɓa tsoron launi ba, ku dubi atamfar matanmu da kwalliyar dawakin hawan salla. Abin da ya zo mana daga baya shi ne wannan ruwan madara a sama, ruwan ƙasa a ƙasa, da ake shafa wa ofis da asibiti da aji, kamar an yi wa ginin gwamnati rantsuwa kada ya faranta wa kowa rai. Shekara kusan ashirin ina zaune a cikin irinsa daga safe zuwa la'asar, na san abin da yake yi wa zuciyar babba, balle yaro.

Ga yadda muka yi. Bangon da ke kallon ƙofa aka yi masa ruwan ɗorawa, domin ɗakin taga ɗaya gare shi, kuma launi mai haske yana mayar da ɗan hasken da ya shigo. Na dama shuɗi mai sauƙi, irin na sararin sama bayan ruwa ya ɗauke. Na hagu kore daga ƙasa zuwa ƙugu, sama fari, aka zana bishiyar kuka da rana da dagi, da haruffan boko da na ajami a jere, da lambobi daga 1 zuwa 20. Ja kaɗan muka sa, a bakin taga da ƙofa kawai. Mai fentin ya ce ja in ya yi yawa a ƙaramin ɗaki sai ka ji kamar bangon na matso ka, ga zafin Jibiya a watan Afrilu. A ƙasan bango ɗaya aka yi baƙin allo mai faɗi daidai tsayin yaro ɗan shekara huɗu, aka ajiye gwangwanin alli. Sauran kaya ba wani abu ba ne: tabarmi biyu, tsofaffin tayoyi, marafan kwalba, karan dawa, 'yar tsana ta tsumma.

Yanzu ga maganar da ta fi duk wannan muhimmanci, kuma ina roƙon duk mai niyyar yin irin wannan ya karanta ta a hankali. Ba kowane fenti mai kyau a ido ne ya dace da ɗakin yara ba. Akwai dalma a cikin wasu fentoci, musamman fentin mai, kuma an fi samunta a launukan nan masu ɗaukar ido da yara ke so: ruwan ɗorawa, ja, ruwan lemo. Ana sa ta don launi ya fito, fenti ya bushe da wuri. Ranar da aka shafa ba a ganin komai. Sai fentin ya tsufa ya fara ɓarewa, ya zama ƙura a ƙasa, yaro ya dafa ya kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa, kuma ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Amurka ta hana fenti mai dalma a gidaje tun 1978. Ma'aunin da ƙasashe da yawa ke bi yanzu shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan.

Mu a wannan yanki ba sai an yi mana dogon bayani kan dalma ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara maƙwabciyarmu, yara sama da 400 suka mutu da gubarta. Waccan daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce, kuma hanyar shigarta ɗaya: ƙura, hannu, baki. Bambancin shi ne ta fenti ba ta cika kashewa nan take ba. A hankali take cin yaro, sai ya shiga aji a ce ba ya ganewa, a yi ta dukansa.

Don haka fentin ruwa muka saya, na kamfanin da ya rubuta sunansa da adireshinsa a jikin bokiti. Na ƙi wanda ake aunawa a galan ba suna ba lamba, duk da ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma a garin iyaka irin namu kaya marasa takarda ba su da wuyar samu. Tsohon fentin mai da ke jikin ƙofar ƙarfen ma ban yarda a kankare shi a bushe ba. Aka cire ƙofar aka kai bayan gida, aka jiƙa, aka goge, aka kwashe dattin, yara na makarantar allo. Bayan an gama aka bar ɗakin a buɗe kwana huɗu kafin kowa ya shiga. Rubutun jikin bokiti ba wahayi ba ne, na sani, amma ya fi babu.

Na dawo ga abokin aikina da maganar gero. Kuɗin da ya tafi, da fenti da ladan mai fenti, zai ciyar da gidan na wasu kwanaki, ban musa ba, kuma daga albashin da kowa ya san yadda ya koma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya fito. Amma gero ana saye ya ƙare a sake saye, shi kuwa yaro shekara shida sau ɗaya yake yi. Ko ƙungiyoyin agaji da ke aiki da 'yan gudun hijirarmu da suka tsallaka jihar Maraɗi tun 2019, bayan abinci da ruwa da magani, suna ware wurin da yara za su yi wasa da zane. Ba don kuɗi ya yi musu yawa ba ne. Sun san yaron da ya ga abin da bai kamata ya gani ba, ba da baki yake faɗa ba.

Na ga haka da idona a allon nan. Makon farko, abin da 'ya'yan ƙanwar mijin Yaya ke zanawa ɗaya ne: babur, mutum uku a kai, kowa da sanda a kafaɗa. Mun san ba sanda ba ce. Mai gidan da ya kafa sharaɗin kada a zana mutum ya tsaya ya daɗe yana kallo, bai ce a goge ba. Yaya ta so ta hana, na ce, "Yaya, ƙyale su, gara ya fito a allo." Ƙaramarsu, 'yar shekara biyar, wadda tun zuwansu ba ta yarda ta saki zanin uwarta, yanzu ita ke riƙe da gwangwanin alli, kuma ba ta ba kowa sai ya ce don Allah. Ba na cewa fenti ya warkar da ita. Ba likita ba ne ni, kuma har yanzu in babur ya wuce da dare tana farkawa. Abin da na sani shi ne ta sami wuri ɗaya a duniya da ba a ce mata tashi daga nan.

Baburan ba su ɓace daga allon ba, amma sun sami abokan zama. Akwai tirela mai tayoyi goma sha, irin waɗanda ke layi a Magama. Akwai wani dogon abu mai tagogi da babban ɗan Yaya ya ce jirgin ƙasa ne, wanda ake shimfiɗa wa hanya daga Kano ya bi ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba, amma ya riga ya naɗa kansa direba. 'Ya'yan maƙwabta ma sun gano wurin, har Yaya ta kafa doka: ba a wuce goma sha biyar, kuma kowa ya cire takalmi.

Bango na huɗu, wanda ƙofa ke jiki, fari muka bar shi saboda fenti ya ƙare. Yanzu rigima ake a kansa. Mata sun ce ruwan hoda, maza sun ce kore da fari irin rigar 'yan ƙwallon Najeriya, wani ɗan maƙwabta da kakarsa ke Madarumfa ya ce sai an sa ruwan lemo na tutar Nijar. Na ce su daidaita kafin ƙarshen wata, in albashi ya shigo. Yaya kuma ta aiko mini da saƙo jiya cewa in zan zo in taho da alli, kwali biyu, na farkon ya ƙare.